Bushewar Baki da Ido: Maganar da Za a Faɗa wa Likitan Sa Barci Kafin Tiyata

   

Akwai wata baiwar Allah da na tabbata wasunku sun san irinta, a gidanku ko a maƙwabta. Ta haura shekara 40. Ba ta iya haɗiye lomar tuwo sai ta kora da ruwa, gurasa ko biskit kuwa ba ta ma kusantarsu. Duk inda za ta, gorar ruwa na cikin jaka. Da dare takan farka sau uku, sau huɗu, harshe ya manne da ganɗa. Idonta kullum kamar an watsa masa yashi. A gidan rasuwa za ta yi kuka har muryarta ta dishe, amma hawaye ba ya zuba, har wasu su riƙa yi mata kallon mai taurin zuciya. Haƙoranta suna ruɓewa ɗaya bayan ɗaya alhali ba ta wasa da aswaki. Ga gajiya, ga ciwon gaɓoɓi. In ta yi ƙorafi sai a ce hunturu ne, ko a ce girma ne ya zo. Hunturu ya wuce, damina ta sauka, ita tana nan yadda take.

To, a ce wannan baiwar Allah likita ya duba ta ya ce tana da ƙari a mahaifa, ko maƙoƙo, ko ta samu karaya, za a yi mata tiyata. A nan maganarmu ta yau take.

Wannan bushewa tana iya zama alamar wani ciwo da likitoci ke kira ciwon Shogiren. Sunan wani likitan ido ne ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, wanda a shekarar 1933 ya rubuta bayanin mata 19 da ya gani da bushewar ido, 13 daga cikinsu kuma suna fama da ciwon gaɓoɓi. Ranar haihuwarsa, 23 ga Yuli, ita aka ware a duniya don tunawa da masu wannan lalura. Abin da ke faruwa shi ne, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, sai ta rikice ta juyo kan jikin da take tsaro. Wuraren da ta fi kai wa hari su ne maɓuɓɓugan hawaye da na yawu. Lafiyayyen mutum yakan fitar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini bai ma sani ba. Mai wannan ciwo, maɓuɓɓugar ta ƙafe. A cikin mutum 10 masu shi, 9 mata ne, kuma ya fi bayyana tsakanin shekara 40 zuwa 60. Wani lokaci shi kaɗai yake zuwa, wani lokaci kuma ya biyo amosanin gaɓoɓi ko ciwon lufus. Bai san talaka ba, bai san mai kuɗi ba. Fitacciyar 'yar wasan tanis ta Amurka, Venus Williams, a shekarar 2011 ta janye daga babbar gasar ƙasarsu, ta bayyana wa duniya cewa wannan ciwon ne ke damunta.

Kada wani ya ji wannan ya yanke wa kansa hukunci. Ciwon suga yana busar da baki, magunguna da dama suna busarwa, tsufa ma haka. Likita ne zai tantance. Akwai gwajin da ake saƙala 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5, a ga iya inda hawaye ya jiƙa. In bai wuce milimita 5 ba, akwai magana. Akwai gwajin jini, wani lokaci kuma a ɗan yanki tsoka ƙarama daga cikin leɓe a duba. Amma ko an tabbatar miki da sunan ciwon ko ba a tabbatar ba, in dai kina da irin wannan bushewa watanni da watanni, abin da zan faɗa ya shafe ki. Ina cewa "ke" ne saboda mata suka fi yawa. Maza masu lalurar, da ku nake.

Mu mutanen nan in an ce tiyata, hankalinmu kan likitan da zai riƙe wuƙa yake tafiya. Shi muke tambaya, shi muke yi wa addu'a. Amma akwai wani a tsaye wajen kanki tun daga farko har ƙarshe, shi ne likitan sa barci, ko kuma nas ɗin da aka horar a wannan fanni, domin a yawancin manyan asibitocin ƙananan hukumominmu su ne ke riƙe da aikin. Shi ke kula da numfashinki, da bugun zuciyarki, da jininki, da idonki, a lokacin da ba ki san inda kanki yake ba. Barcin tiyata ba irin barcin dare ba ne. A barcin dare in bakinki ya bushe za ki farka ki sha ruwa, in ido ya yi zafi ki juya. A na tiyata babu wannan. Abin da kika faɗa masa kafin allura ta shiga, da shi zai yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu fara da ido, domin nan ne aka fi samun matsala, kuma nan ne ya fi sauƙin karewa. Idan aka sa mutum barcin tiyata, ƙiftawa tana tsayawa, hawaye yana raguwa ƙwarai, kuma fiye da rabin mutane fatar idonsu ba ta rufewa ruf, sai ta bar 'yar kafa. Ta wannan kafa iskar ɗakin tiyata, mai sanyi da bushewa, take bugun baƙin ido awa ɗaya, awa biyu, ko fiye. Shi ya sa ƙujewar baƙin ido ita ce raunin ido da aka fi gani bayan tiyata, ko ga mai lafiyayyen ido. To ina ga wadda dama idonta a bushe ya shigo? Za ta farfaɗo, ciwon wurin ɗinki daban, ga ido yana raɗaɗi kamar an zuba barkono, ba ta iya kallon haske. Yawanci yakan warke cikin kwana biyu zuwa uku, amma a busasshen ido yana iya jinkiri, ƙwayoyin cuta su samu shiga, ya zama gyambo, ya bar tabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin duk wannan ba shi da tsada: da zarar barci ya ɗauke ki, a sa man ido mai kauri, a rufe fatar idon, a manne da filasta mai laushi, in aikin ya yi tsawo a sake dubawa. Ke kuma naki, ki zo da maganin ɗigawarki asibiti, ki ɗiga kafin a tura ki ɗakin tiyata, kuma ranar a haƙura da kwalli.

Sai baki da maƙogwaro. A babbar tiyata, ana zura wata roba ta baki zuwa hanyar iska don injin ya riƙa yi miki numfashi. Kafin a zura ta, sai an sa wani ƙarfe mai fitila an ɗaga harshe. A bakin da ke da yawu, komai sulɓi yake yi. A busasshen baki kuwa fatar ciki ta yi siriri, leɓe ya tsattsage, abu kaɗan sai jini. Haƙoran da rashin yawu ya cinye suna iya ɓarewa ko su fita gaba ɗaya, kuma haƙori in ya faɗa hanyar iska babbar magana ce. Don haka ki nuna masa duk haƙorin da ke girgiɗi, da na roba in akwai. In da lokaci kafin ranar aiki, ki je wajen likitan haƙori. Wasu masu ciwon kumatunsu kan kumbura gaban kunne kamar mai hangum, wasu muƙamuƙinsu ba ya buɗuwa sosai. Wadda kuma take da amosanin gaɓoɓi tare da shi, ciwon kan taɓa ƙasusuwan wuya na sama, su yi sako-sako, ta yadda lanƙwasa wuya baya da ƙarfi zai iya taɓa laka. In ya san da haka zai sa a ɗauki hoton wuyan, ya shirya kayan aikin da suka dace, ya shafa wa robar mai, ya bi a hankali.

Bushewar ba a baki ta tsaya ba, har cikin hanyoyin huhu take. Iskar da ke fitowa daga tukunyar oksijin busasshiya ce ƙarau, babu ɗigon laima a cikinta. Ga mai wannan ciwo, majinar ƙirji tana iya kafewa ta yi kauri kamar ƙaro, ta toshe wata hanya, wani sashe na huhu ya lotse, daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu bayan tiyata. Akwai 'yar matata da ake maƙalawa a bakin robar numfashi, tana tare laimar numfashin mutum tana mayar masa. Ƙaramin abu ne, amma ga irin wannan majinyaciya wajibi ne.



Yanzu ga inda nake so ma'aikatan lafiya da ke saurare su ba ni kunnensu. Akwai magungunan da aka saba bayarwa a ɗakin tiyata waɗanda aikinsu ke nan busar da yawu. Babbansu atirofin, da 'yan'uwansa. A asibitocinmu ana yawan amfani da ketamin wajen sa barci, saboda yana da araha kuma ba ya saukar da jini. To shi ketamin yana sa dalala, shi ya sa aka saba haɗa shi da atirofin. Haka nan a ƙarshen aiki, allurar da ke warware maganin sakin jiki ana haɗa ta da atirofin ko makamancinsa. Hannu ya saba, har ba a tsayawa tunani. Amma wadda ba ta da yawun da za ta haɗiye lomar tuwo, wane yawu za a busar mata? Abin da za a ƙara mata shi ne kafewar majina da raɗaɗin ido. A duba ko za a iya tsallake shi, ko a rage, ko a sauya da wani inda akwai hali. Haka magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, da wasu magungunan hana amai, da masu ƙarfin kashe zafi dangin tiramadol da mofin, duk suna ƙara bushewa. Sai dai ina jan kunnen majinyata: ban ce ki hana a yi miki atirofin ba. In bugun zuciya ya yi ƙasa a tsakiyar aiki, shi ne maganin da ke ceton rai, kuma a lokacin ba a shawara. Naki shi ne ki sanar. Zaɓin magani nasa ne.

Akwai kuma maganar da na fi jin tsoro, ita ce ta magungunan da ake sha a ɓoye. Yawancin masu wannan ciwo suna da ciwon gaɓoɓi, kuma mun san halinmu: a je kemis a ce ana jin sanyin ƙashi, a haɗo ƙwayoyi a leda, a ciki akwai firednisolon ko deksa. Wasu likita ne ya ɗora su a kai bisa ƙa'ida, wasu kuwa shekara da shekaru suna sha ba wanda ya sani, wasu ma don ƙiba suke sha. Jikin ɗan Adam yana da wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da ke fitar da sinadarin da ke riƙe jini da ƙarfin jiki lokacin wahala. In mutum ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi, ko da miligiram 5 ne na firednisolon kullum har mako 4 ko fiye, sai halittun nan su yi kwance, su daina aiki. Ranar tiyata, ranar da jiki ya fi buƙatarsu, sai a neme su a rasa, jini ya faɗi warwas, a rasa dalili. Alhali da an sani, allurar haidirokotison ce za a yi tun farkon aiki, a ci gaba da ita bayansa, shi ke nan. Don Allah, Hajiya, kada kunya ta sa ki ɓoye. Ki juye duk abin da kike sha a leda ki kawo, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da jiƙo da garin magani. Kuma kada ki dakatar da firednisolon da kanki don an sa miki ranar aiki. Tsayar da shi kwatsam haɗari ne. Magungunan da ke danne garkuwar jiki kuwa, likitan da ya rubuta su shi zai ce wanne za a ci gaba da shi, wanne za a ɗaga.

Ciwon nan a wasu mutane yakan wuce ido da baki ya taɓa cikin jiki. Yakan taɓa huhu, mutum ya riƙa haki in ya hau bene, ko tari busasshe da ba ya jin magani. Yakan taɓa ƙoda ta riƙa zubar da sinadarin fotashiyam, har ƙafafu su mutu mutum ya kasa tashi, kuma ƙarancin wannan sinadari yana rikita bugun zuciya a ƙarƙashin maganin barci. Yakan rage jini. Saboda haka in an ce a yi gwajin jini da na ƙoda da hoton ƙirji kafin aiki, ba neman kuɗi ba ne. Wadda ƙodarta ta taɓu, magungunan zafi irin su diklofenak da ibufurofen ba nata ba ne.

Wasu za su ce, to ba sai a yi allurar baya ba, a huta da duk wannan? Gaskiya ne, inda aikin ya ba da dama, kamar tiyatar ƙasan cibiya ko ta ƙafa, allurar kashin baya tana da daɗi ga mai wannan ciwo: idonta biyu, tana ƙiftawa, ba roba a maƙogwaro. Amma in kina jin dindiris ko tsira-tsira kamar ana soka miki allura a tafin ƙafa ko yatsu, ko jiri in kin miƙe tsaye, ki faɗa tun kafin a yi, a rubuta a fayil, domin alama ce ciwon ya taɓa jijiyoyi, kuma jininki na iya faɗuwa fiye da na kowa bayan allurar. Masu yatsun da ke yin fari ko shuɗi in sun ji sanyi, su ma su faɗa, a lulluɓe su da kyau, domin ɗakin tiyata akwai sanyi. Fata ma a bushe take, a cire filasta a hankali. Robar fitsari kuma a shafa mata mai sosai.

Masu juna biyu, ku matso kusa. Wasu masu wannan ciwo suna da wani sinadarin garkuwa a jininsu da ke ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. A cikin irin waɗannan iyaye 100, ana samun jariri 1 ko 2 da bugun zuciyarsa ke yin ƙasa sosai tun yana ciki, yawanci tsakanin mako na 18 zuwa na 24. Kaɗan ne, amma ya isa dalilin da zai sa ki faɗa a wajen awo, kuma ki haihu a asibitin da ke da likitan jarirai, musamman in haihuwar ta tiyata ce.

Sai batun azumin tiyata, wanda a nan ake wahalar da bayin Allah ba gaira ba dalili. An saba cewa daga 12 na dare kada a ci kada a sha, sannan a bar mutum a layi har la'asar. Ga mai lafiya ma wuya ce, balle wadda ba ta iya minti 30 ba ta kurɓi ruwa ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sa barci na duniya suka yarda da ita ita ce: abinci a tsaya awa 6 kafin aiki, mai maiƙo ko nama awa 8, amma ruwa zalla ana iya sha har saura awa 2. Kunu da koko da madara da fura ba ruwa zalla ba ne, abinci ne. Akwai waɗanda likita zai tsawaita musu saboda wani dalili, kamar toshewar hanji, don haka ki tambaya, ki bi abin da aka ce. Ko an hana ki sha, kurkure baki a zubar ba ya ɓata azumin tiyata. Ki roƙa a sa ki a farkon layi da safe. In an samu jinkiri, a ɗaura miki ƙarin ruwa.

Bayan an fito, aiki ya koma hannun mai jinya. 'Yar'uwa ko ɗiyar da ke zaune gefen gado, ki riƙe mata hannu kada ta murje ido cikin magagi, musamman da yake akwai na'ura maƙale a yatsa. Ki ɗiga mata maganin idonta a kan lokaci. Ki jiƙa auduga mai tsabta ki goga mata a leɓe da harshe kafin a ba da izinin sha. In an sa mata oksijin, ki duba ko kwalbar ruwan da iskar ke bi ta ciki tana da ruwa. In ta ƙafe ki kira nas. Kada a kwantar da ita saitin fanka. In an ba da izinin ci, a fara da mai ruwa-ruwa, ƙwayar magani kuma a jiƙa maƙoshi tukuna kafin a haɗiya, tana zaune ba a kwance ba. A taimaka mata ta riƙa jan dogon numfashi, ta yi tari tana dafe da wurin ɗinki, ta taka da wuri. In kuka ga farin abu kamar dusar madara a harshe, ko ido ya yi ja yana raɗaɗi, ko numfashi ya yi nauyi, kada a jira zagayen safe.

'Yan'uwana ma'aikatan ɗakin tiyata, na san yawan majinyata da ƙarancin hannu. Amma tambaya biyu ba za ta ci muku minti ɗaya ba: Baba, bakinki yana bushewa? Idonki fa? Da yawa daga cikin matan nan ba a taɓa gaya musu sunan ciwonsu ba, ba za ku gan shi a fayil ba, sai kun tambaya.

Ke kuma da aka sa wa ranar tiyata, tun yau ki samu takarda, ko ki sa ɗanki ya rubuta miki: ina da bushewar baki da ido, ga magungunan da nake sha, ga haƙoran da ke girgiɗi, ga inda nake jin dindiris. Ki nemi ganin mai sa barci kafin ranar, ki miƙa masa hannu da hannu, ki kuma maimaita masa da baki a ƙofar ɗakin tiyata. Maigida, kai ma in kai ne mai sa hannu a takarda, ka tuna mata, ka raka ta.

 Wanda ya ji, ya isar wa wadda ba ta ji ba. Allah Ya sa a yi aiki a sa'a, a tashi lafiya.